Ajin Rediyo a Kamfanin Alawa

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi ina aiki a Bompai, unguwar kamfanoni ta Kano, ba zan manta da ranar da mu ƙarti masu iyali muka bar injin kamfani a tsaye saboda lissafin 'yan aji ɗaya ba. Har gobe in na tuna sai dariya ta ci ƙarfina, kafin nan kunya ta biyo baya, domin ni ne ummul'aba'isin abin.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin yin alawa, a ɓangaren naɗi, muna haya a Dakata. Dukiyata a duniya keke ne da rediyo. Rediyon nan kuwa na so shi so marar misali. Har riga ta fata na sa dukawa suka ɗinka masa. Kullum da safe in rataya shi a ƙahon keke, in na shigo layin kamfanoni in ƙure masa murya don a san mai rediyo ya iso.

Zamanin ne aka buɗe firamare kyauta ga kowa, 'yata ta fari ta shiga aji ɗaya. Yarinyar nan ta ɗauki makaranta da zafi, tun kafin a idar da sallar asuba ta sa kayanta tana jiran gari ya waye. Ana cikin haka ta faɗo daga kan katanga garin tsinko gwaiba, cinyarta ta karye. Mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, ya ce kada ta kuskura ta taka sai ya ba da izini. Na je na gaya wa hedimasta. Ya ce a ƙarshen shekara zai gwada ta karatu da lissafi, in ta ci ta bi 'yan ajinsu zuwa aji biyu, in ba ta ci ba ta maimaita. Da ta ji wannan magana ta yi kukan da ko ranar ɗori ba ta yi ba. Ƙawayenta su wuce, ita ta zauna da ƙannensu! Hedimasta dai ya ba ni shawara, ya ce akwai wata malama da ke koyar da yara a rediyo da hantsi, baƙi da wasali da ƙirga, a riƙa kunna mata.

Da na kawo labarin gida, mai ɗakina ta ce, "To Malam, sai a riƙa bar mata rediyon."

Na ce, "Wane rediyon? Yaran gidan nan su murɗe masa kunne, su karya eriya? Lokacin shirin ya zo daidai da hutun karyawarmu. Zan saurara a can, in na dawo in kawo mata."

Ta dube ni ta ce, "Au, karatun ne za a ɗauro a bayan keke kamar itace?"

Na yi kamar ban ji ba.

Washegari da aka busa jiniyar hutu, na zauna a inuwar bayan sito na kamo tashar. Abokan aiki suna gefe suna shan koko. Sai ga murya mai sanyi ta ce, "Yara, ku ce ba." Ta yi shiru. Ni ma na yi shiru. Mai gadinmu, wani dattijo mai jan gemu, ya zunguro ni ya ce, "Kai, baiwar Allah na jiran ka. Ka amsa mata mana, ba kyau."

Na sunkuyar da kai na ce, "Ba."

Rediyo ya ce, "Madalla! Kun yi ƙoƙari."

Wuri ya ruɗe. Mai gadi ya kama baki ya ce, "Wallahi ta ji shi!" Kafin ta kai kan bo da bu, duk wanda ke wurin ya ajiye ludayi yana amsawa. Wanda ya fi kowa murya wani ƙato ne mutumin Damagaram, mai sauke buhunan sukari, wanda bai taɓa leƙa ajin boko ba. In ya ce bu har kwanon rufin sito sai ya amsa.

Da na koma gida na zauna gaban yarinya, sai na tarar rabin karatun ya zube a hanya. Na gaya wa helimanmu, shugaban ma'aikatan ɓangarenmu. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, a yi masa irin aikin kamfani, kowa da nasa hannu. Ya raba: mai gadi ya riƙe waƙar, ni in riƙe baƙaƙe, Badamagare ya riƙe lissafi, shi kuma helima ya zama mai duba aiki. In an tashi, bayan la'asar, mu jero kekuna zuwa Dakata. Tunda maza ba sa shiga cikin gida, sai in ɗauko ta cak da tabarmarta in ajiye a zaure, kowa ya sauke kayansa.

Kai, an sha dariya a zauren nan. Malamar rediyo ta kwatanta baƙin ba da cewa sanda ce a tsaye da tumbi a gabanta. Badamagare ya miƙe ya juya gefe, ya turo cikinsa ya ce, "'Yar Malam, dube ni da kyau, ni ne ba." Ya juya ɗaya gefen ya ce, "Yanzu kuma na koma da." Yarinya ta yi ta ƙyaƙyatawa har tana riƙe ƙafa tana cewa, "Wayyo Baba, ka ce ya daina, zafi!" Mai gadi kuma duk waƙar da aka ba shi sai ya ja ta da muryar wa'azi.

Karatun baƙi ya tafi daidai. Lissafi ne ya zama rigima, saboda abu biyu. Na farko, malamar tana cewa a tara tsakuwa a ƙirga da ita, mu kuwa a kamfanin alawa muke, sai muka riƙa ɗebo fasassun alawa da ake zubarwa a kwandon rijet. To in ta ce a ɗebe bakwai, wurin da ake ɗebewa a kai shi ne baki, kuma hannun da ya saba hanya ba ya tsayawa a bakwai. Na biyu, sai ƙarshen shiri take faɗin amsa, jiniyar komawa aiki kuwa kullum tana riga ta. Saboda haka ba mu taɓa jin amsa daga bakinta ba. Abin da ya rage a gaban Badamagare shi muke ɗauka mu kai Dakata.

Wata rana aka kawo sha uku a ɗebe bakwai. Badamagare ya ce huɗu. Yarinya ta jera 'ya'yan gyaɗa a tabarma ta ƙirga, ta ɗago kai ta ce, "Baba, ni shida na samu."

Maimakon in sunkuya in ƙirga tare da ita, sai girman kai ya hana ni, ga baƙi a zaune. Na ce, "Rediyo ya ce huɗu. Kin fi rediyo sani ne?"

Ta sake ƙirgawa, ta sake samun shida, sai idonta ya ciko. Daga ranar ta fara tsoron gyaɗar nan. In an tambaye ta biyu da biyu sai ta kalli fuskata tukuna. Ga gwaji ya matso. Mai ɗakina ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Malam, yarinyar nan ta fi haka iya ƙirga kafin a fara kawo mata na kamfani."

Maganar ta tsaya mini a rai. Na gaya wa abokan aiki, muka yi shawara cewa ranar bita, da malamar za ta maimaita darussan baya, sai mun ji amsa da kunnenmu, ko jiniya za ta tsage.

Ranar ta zo, jiniya ta yi kuka, ba wanda ya motsa. Malama ta sa waƙar ƙirga mai tafi da buga ƙafa, muka miƙe muka kama. Mutanen ɓangaren dafa sukari suka ga ba mu koma ba, suka leƙo, suka shige ciki. Masu lodi suka biyo. Kan ka ce me, bayan sito ya cika da maza ana tafi da murya ɗaya, hannaye a sama ana ƙirga yatsu. Inji kuwa na can tsit.

Manajanmu wani Kwara ne, wato Balarabe, haifaffen Kano, Hausa a bakinsa kamar ɗan Fagge. A 'yan watannin nan ana yawan yajin aiki a kamfanonin da ke kusa da mu. Ya leƙo ta tagar ofishinsa a bene, ya ga taro ana ɗaga hannu ana ihu, ya ce shi ke nan, ta iso gare shi. Ya sauko da gudu, gumi na zuba, hannu biyu a sama yana cewa, "Jama'a, a yi haƙuri! Komai na magana ne. Wane ne shugabanku? Ya fito mu zauna."

Duk muka nuna rediyo.

Mai gadi ya ɗora yatsa a baki ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi shiru, Malama na magana."

Daidai nan ta ce, "Yara, sha uku a ɗebe bakwai, saura nawa?" Ta yi shirun nan nata. Badamagare ya ce huɗu. Helima ya ce biyar. Wani a baya ya ce takwas. Manaja, bai san sanda ta kuɓuce masa ba, ya daka tsawa ya ce, "Shida mana!"

Rediyo ya ce, "Madalla! Shida. Yaran kirki, ku tafa wa kanku."

Wayyo Allah! Wasu suka faɗi ƙasa suna riƙe ciki. Mai gadi yana share hawaye da bakin rawani yana cewa, "Manaja ya ci, a kai shi aji biyu!" Badamagare ya yunƙura zai ɗaga shi sama, da ƙyar helima ya riƙe shi. Shi kansa manaja da ya gane ba yaji ba ne, ya zauna a kan buhun sukari yana dariya yana sauke numfashi. Ni kaɗai dariyata ta tsaya a rabi, don na ji amsar: shida, abin da yarinya ta samu.

Helima ya ba shi labari tun daga karaya har zaure. Manaja ya dube ni ya ce, "Yarinyar tana ina yanzu?"

Na ce, "Tana gida, ranka ya daɗe."

"Rediyon na wa?"

"Nawa ne."

"To me ya hana ka bar mata shi a gida?"

Mai gadi ya juyo a hankali ya ce, "Kai, ashe ana iya haka?" Aka sake ɓarkewa da dariya, wannan karon a kaina. Su tsakani da Allah abin bai taɓa zuwa musu ba. Ni kuwa tun ranar farko aka gaya mini. Manaja ya ce lokacin da muka ɓata za mu rama shi bayan tashi, rediyo kuma kada ya sake ganin sa a cikin kamfani.

Da yamma na shiga gida da rediyo a hannu, na ajiye shi kusa da matashinta. Na ce, "Shida ne. Ke ce da gaskiya, rediyo bai taɓa cewa huɗu ba. Ni na faɗa." Ta dube ni, ta dubi rediyon, ta rungume shi da rigarsa. Mai ɗakina daga bakin murhu ta ce, "Au, karatun ya gaji da hawa keke?"

Sai abu ya juya. Abokan aikina sun riga sun ɗanɗana, ba su yarda a yanke musu ba. Suka ci gaba da zuwa zaure bayan la'asar, amma yanzu ita ke saurara da hantsi ta koya musu da yamma, da ɗan kara a hannunta. Ta hana ƙirga da duk abin da ake ci. In Badamagare ya amsa daidai ta ce, "Madalla, yaron kirki," shi kuma ya washe baki kamar an ba shi kyautar doki. Tsoron lissafi ya fita daga ranta, don wanda zai tsare ƙato irin wannan sai ya tabbata da amsarsa.

Ranar gwaji na goya ta a keke, tana ɗingishi da sanda. Na tsaya a bakin taga ina leƙe. Ta karanta abin da hedimasta ya rubuta a allo, ya ba ta ɗebewa ta yi da yatsu, ba ta waiwayo ta kalli fuskata ba ko kaɗan. Ya ce ta bi 'yan ajinsu. Muna fitowa ta ce, "Baba, mu bi ta kamfani in gaya wa ɗalibaina."

Abin da na koya a wannan lamari shi ne, in yaro na buƙatar abu kuma yana hannunka, miƙa masa shi ɗungurungum, kada ka tsaya a tsakani kana gutsura masa don kana jin nauyin rabuwa da shi. In kuma ya ƙirga ya samu shida, sunkuya ka ƙirga tare da shi kafin ka buɗe baki. Keken nan nawa ya ci gaba da shiga layin kamfanoni shiru ba kiɗa, kuma ba wanda ya taɓa tambayata ina rediyo.