Ranar da Na Tsaya Wanka

Shekara uku na yi ina kwana ina tashi a cikin mota, kuma motar ba ta taɓa kai ni ko'ina ba. Karafan ake ce mata a Jidda. Doguwar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado, da ɗan madafi, da makewayi wanda in ka shiga da gaba sai dai ka fito da baya. Kafilina, wato mutumin da iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa, ɗan kwangila ne. Ya saye ta a hannun wani Bature da ya gama aikinsa zai koma gida, ya sa aka kai ta wani fili a arewacin gari, wajen da yanzu ake kira Safa. A lokacin, tsakiyar shekarun saba'in, babu komai a wurin sai rairayi da turakun masu awon fili, sai kuma ni. Da rana injiniyoyi huɗu su shigo su baje takardunsu, kafin La'asar kowa ya kama hanyar gidansa, a bar ni da gadi.

Gadin suna ne kawai, don babu abin sata. Ainihin aikina ruwa ne, mai shiga da mai fita.

Baturen ne ya koya mini, rana ɗaya tak, da hannu da ka, don ba na jin bakinsa shi ma ba ya jin nawa. Tankuna uku ne a ƙarƙashin motar: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, sai na makewayi. Farin tiyo siriri shi ne na ruwan sha. Wannan ko ƙasa ba ya taɓawa, in na gama da shi sai in haɗa bakinsa biyu in rataye a ƙusa. Baƙin tiyo mai kaurin taɓarya shi ke kai ƙazanta bayyara, ramin da aka haƙa bayan motar aka rufe da siminti. Kowane tanki yana da mahbas, ɗan hannun ƙarfe da ake ja ya buɗe, a tura ya rufe. Na makewayi a rufe yake kullum, sai tankin ya kusa cika sannan a ja, nauyin ruwan ya kwashe komai lokaci guda. Daga nan a ja na ruwan wanka ya biyo baya ya ɗauraye tiyon, a rufe, a zuba bokiti biyu ta makewayin. Baturen ya nuna mini hannun nan, ya tura shi ciki, ya kaɗa mini yatsa har sau uku. Na gyaɗa kai kamar na gane dalili, alhali haddacewa kawai na yi.

Tsarin bai taɓa kwanta mini ba. Mu a garinmu masai can ƙuryar gida yake, nesa da inda ake ci da inda ake salla. A nan kuwa ga gadona, ga tukunyata, ƙarƙashinsu kuma ga abin da ƙarti huɗu suka tara tun ranar Asabar. Wane irin mutum ne zai zauna ya ƙera gida a kan masai, har ya sa masa labule mai furanni? Ban taɓa salla a ciki ba. Ko rana ta yi yaya, tabarmata nake ja can gefe a kan rairayi.

Kaɗaici ya ci ni a filin nan, ba zan ɓoye ba. Injiniyoyin ba su da laifi, amma maganarsu da ni ba ta wuce shayi da ruwa. In sun tafi sai wurin ya yi tsit, har nakan ji ƙarfen motar yana ƙas-ƙas yana hucewa. Na koma yi wa kaina magana da ƙarfi, ina tambaya ina ba da amsa, wani lokaci har in yi wa kaina faɗa. A filin, Hausa sau biyu nake ji a mako daga bakin direban wayit, motar da ke kawo mana ruwa. Bahaushen Sudan ne, mai ƙiba, mai yawan dariya. Ni kuma in ya zo sai in riƙa jan aikin, in ɗaura tiyo in kwance in sake ɗaurawa, don dai ya ƙara minti biyar. Ya gane, amma bai taɓa nuna mini ya gane ba.

Ranar Juma'a kaɗai nake shiga gari. In an sauko masallaci sai in bi ta unguwar Hindawiyya, wurin wani dattijo Bahaushe haifaffen Jidda mai sayar da kayan miya, wanda ta hannunsa wasiƙun mutanenmu ke zuwa. Wata Juma'a bayan an gama aikin Hajji, tun daga nesa ya ɗago mini hannu.

"Ta'al, ya waladi, zo nan. Akwai khabar mai daɗi. Ukhtak, yayarka, ta yi Hajji bana."

Na ce, "Baba, yayata kuma? A ƙasar nan?"

"Wallahil azim. Wani alhaji ɗan garinku ya biyo ya bar saƙo. Yanzu suna Madina. Alhamis ta sama da safe za a sauke su masaukin alhazai na gefen filin jirgi, jirginsu kuma ba'ad al-Asr. Ta ce ko za ta rasa komai, ta gan ka."

 Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita kaɗai ta rage mini, iyayenmu duk sun rasu ina nan. Shekara goma sha huɗu rabona da ita. Yini guda ke nan Allah ya ba mu, daga safe zuwa La'asar, kuma na san in ya wuce da wuya a sake.

A hanyar komawa na tsara komai. Zan ɗauko ta in kawo ta ta ga inda nake. Ta murɗa famfo ruwa ya zubo a cikin ɗaki, ta zauna kan kujera mai laushi, ta yi Azahar a inuwa kan darduma. In ta koma gida ta ce ƙaninta na nan cikin rufin asiri, ba yawon banza ya tafi ba. Kafilina ya ce, "Halas, ranar taka ce, babu mai zuwa aiki." Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Hajiya sabuwa fil, daga Madina, ta sa goshinta a kan tankin najasa? Ina!

Sai dabara ta zo mini, har ina mamakin yadda Bature da duk iliminsa bai yi tunaninta ba. Me zai hana in bar mahbas a buɗe, duk abin da ya shiga ya wuce bayyara kai tsaye, tankin ya zauna wayam? Yammacin nan na ja hannun ƙarfen na bar shi haka. Kwana goma sha biyu ina yawo da alfahari kamar wanda ya gano rijiya. Na wanke labule, na goge gilasai, na wanke farar jallabiyata na rataye ta a ciki. Ranar Laraba ɗaya daga cikin injiniyoyin ya fito daga makewayi yana yatsina fuska, na ce a raina iyayi ne irin na 'yan boko.

Alhamis bayan Asuba na ɗauki bokiti don in yi ɗaurayar ƙarshe. Na zuba, ruwa ya tsaya cak a bakin masan yana kallona. Na ƙara wani, ya taso. Warin da ya biyo baya ba zan kwatanta shi ba, don mai karatu bai yi mini laifin komai ba. Na samo sanda na zura ta sama, na ji ta daki abu mai tauri. Na tafasa ruwa na zuba, ko gezau.

Da hantsi direban wayit ya iso, don mun shirya shi zai rage mini hanya. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ga hannun a jaye, ya dafe kai.

"Ya zol, wa ya ce ka bar shi a buɗe? Ruwan ne ke tserewa ya bar maka sauran, ga takardar da mutanen nan ke jefawa, ga zafin ƙarfe. Bulo ka buga a ciki." Ya yi dariya har da riƙe ciki, da ya ga fuskata sai ya haɗiye ta. "Rufe ƙofa ka bar shi. Yalla, hau mu tafi. Gobe ma rana ce."

Na ce, "In ta ce za ta zo ta ga gidana fa?"

"Sai ka ce an kulle. Kai za ta gani ko mota?"

Na ce ya ba ni awa biyu. Ina da taurin kai, duk wanda ya san ni ya san wannan. Ya cika mini tankin ruwa, ya ce zai zagayo da Azahar.

Da sama ta ƙi, sai na koma ta ƙasa. Na kwanta rigingine a kan rairayi, na cire baƙin tiyo, na lanƙwasa waya na shiga tsokana. Na manta sarai da bokitan ruwan da na tara a sama. Na tsokana, na tsokana, sai na ji wani abu ya motsa, kafin in janye kaina komai ya sauko. Fuska, gemu, ƙirji, har cikin kunne. Na miƙe tsaye a tsakiyar filin Allah, babu mai dariya babu mai cewa sannu, na fashe da kuka kamar ba namiji ba.

Duk da haka na ƙarasa aikin yadda aka koya mini. Na mayar da tiyo, na ɗauraye, na rufe mahbas, na binne wurin da rairayi. Sannan na shiga wanka. Na yi da sabulu, na yi da garin wanki, na cuɗa da toka. In na fito na shinshina damtsena sai in ji yana nan. Jallabiyar da na rataye a ciki ita ma ta sha wari, na sake wanke ta na shanya a kan turaku.

Direban ya dawo da Azahar kamar yadda ya ce. Ya same ni da ɗaurin zane, fata ta yi ja.

"Yalla, sa riga."

"Ba ta bushe ba. Kuma ji, har yanzu ina wari."

Ya matso ya shinshina ni sosai, Allah ya saka masa. "Wallahi sabulu kawai nake ji. A hancinka yake. Sa jiƙaƙƙiyar, iska za ta busar da ita a hanya."

Ban yarda da shi ba, na ɗauka kara yake yi mini. Abin da nake gani kawai shi ne Yaya ta riƙe hannuna a gaban alhazan garinmu, wani ya ja hanci, labari ya riga ta isa gida cewa ɗan gidan wane kwasar masai yake yi a Jidda. Na ce masa wanka ɗaya ya rage. Na kuma ce ai kowa ya san alhazai kwana da kwanaki suke yi suna jiran jirgi, La'asar ɗin nan faɗa ce kawai. Ya ce mutane na jiran ruwa, ya ja motarsa.

Sai da na yi wankan nan, na jira rigar ta sha iska, na shafa turare. Na taka da ƙafa har bakin titi, na tsaya ina ɗaga wa motoci hannu, da ƙyar wata motar ɗaukar kaya ta tsaya. Ana kiran La'asar muna hanya.

Masaukin alhazai cike yake da mutane da ƙullin kaya. Na shiga ina tambayar mutanen garinmu, wannan ya nuna can, wancan ya nuna nan. A bakin ƙofa wata tsohuwa 'yar Hindawiyya mai sayar da kunu ta kira ni.

"Kai ne mai gadin nan da ake jira? Ya haram! Tun safe tana zaune a nan kan kayanta. An kira ta cin abinci ta ƙi tashi, wai kada ka zo ka wuce. Duk baƙin mutum mai jallabiya sai ta miƙe. Yanzun nan aka kira jirginsu, sai da aka ja ta. Yi ta bayan ginin can, akwai shingen waya."

Na ruga. Ta cikin wayar na hango su can nesa, sun yi layi suna hawa motar da za ta kai su gindin jirgi. Matan duk sun yafa fararen mayafai, duk sun rame, duk suna rungume da jarkar Zamzam. Yayar da na sani mai jiki ce, mai saurin tafiya, kuma shekara goma sha huɗu ba kwana goma sha huɗu ba ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya da ido ban gane ta ba. Sunanta na yanka kuwa ban taɓa faɗa ba tun da aka haife ni, bakina bai iya ba. Na kama wayar na ƙwala kira, "Yaya! Yaya!" ina ɗaga hannu sama.

Mata uku suka waiwayo suka ɗago mini hannu. Na yi ta ɗaga musu su ukun har motar ta tashi.

Na koma filin da ƙafa, ina ƙamshin turare, babu wanda zan ba labari. Baƙin cikin ranar nan ban taɓa jin irinsa ba, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi.

Bayan wata biyu wasiƙarta ta zo ta hannun dattijon Hindawiyya. Ta sa an rubuta cewa sun sauka lafiya, ta san babban aiki ne ya riƙe ni, kada in sa komai a raina, in riƙe amanar mutane, Allah ya yi mini albarka. Ba ta ce ta gan ni a bakin shinge ba, ni kuma da na tashi ba da amsa ban iya tambaya ba. Shekara biyu bayan nan aka aiko mini da rasuwarta.