Bin Motar da Ke Bayanmu

Gari na wayewa muka tashi daga unguwar Anbariyya a Madina, ni da maƙwabcina mai a-kori-kurar jigilar dabino daga gonakin Awali, wanda ke jin Hausa sarai amma sai ya amsa da Larabci. Ba yawon shan iska ya fitar da mu ba. Goggona, wadda ta zo Umara daga Gusau, ta hau bas zuwa Makka ta mance maganin asmarta a kan tagar gidana, ni kuwa na san yadda ƙirjinta ke yi in abin ya tashi.

Kafin mu bar gari na gama lissafi, har ina jin kaina. Bas ya riga mu da rabin awa yana cin kilomita sittin a awa, mu casa'in. Tazarar talatin ke nan, cikin awa guda za mu cim masa wajen garin Musaijid. Maƙwabcina ya ce "Ɗayyib," wato to, ya taka wuta.

Hanyar Badar kwana-kwana ce tsakanin baƙaƙen duwatsu, ga raƙuma da ba su san hon ba. Duk bas ɗin da muka wuce sai na leƙa. Musaijid babu su, Badar ma haka. A wata rumfar shayi aka kawo mana burodi da wake mai zafi, na kasa kai loma baki don tsoro.

Muna nan wani bas ya tsaya, maza suka sauko sanye da harami. Ganin fararen mayafan nan sai na dafe kai. Na manta da miƙatin Abyar Ali, can bakin Madina, inda kowace motar Umara ke tsayawa a yi wanka da nafila a ɗaura niyya. Ashe tun da farar safiya muka bar su a baya.

Muka juya. Yanzu gudunmu da nasu haɗuwa suke, nan da nan muka hango su, muka yi ta ɗaga hannu har direban ya tsaya. Na tarar da Goggo numfashinta ya fara ƙara. Ta shaƙi magani, ta nisa, sannan ta ce, "Ɗan nan, ai na gan ku a Abyar Ali kun wuce kamar an koro ku."

A hankali muka komo Madina kafin la'asar, zuciyata wasai. Lissafina bai yi kuskure ba ko kaɗan, mutanen cikin motar ne na manta da inda za su.