Littafin Malam da Tsohuwar Gurbin Bore

Ina zaune a ƙofar ɗaki ina gyaran zogale wan mijina ya yi sallama daga zaure, ya ce a faɗa mini kaya sun iso tashar Kaura da sunan Malam. Kwali ne guda, daga Zariya. Direban da ya kawo shi bai san mai shi ya rasu ba, har yana cewa a kira shi ya zo ya karɓa da kansa. Na ajiye faifan a ƙasa. Ban tambayi abin da ke ciki ba, don na sani. Littafinsa ne ya fito.

Lokacin ina cikin takaba. Malam ya kwanta a farkon damina, ciwon bai ja ba, aka kai shi makwancinsa gero bai kai gwiwa ba. Ya bar ni da yara biyu da mahaifiyarsa, Inna, da kwaba cike da littattafai.

Malamin Hausa ne a wata kwaleji. Duk sanda ya je Sakkwato ko Zariya sai ya dawo da sabon littafi, na tarihi ko na addini ko na nazarin harshe, ya yi masa riga da takardar siminti kafin ya fara karantawa. Shekarar da aka ba mu jiha, mutane suna murnar hanya da ofisoshi, shi kuwa ya ce abin da ya rage shi ne a rubuta bakinmu, yadda mutanen Zurmi da Shinkafi suke magana a gidajensu, kafin rediyo ta mayar da kowa Bakano. Ya sayi rikoda. Ya yi ta yawo a babur yana zama da tsofaffi a ƙofar masallaci da rumfunan kasuwa.

Amma maganar da ya fi so tana cikin gida, wurin tsofaffin mata, shi kuwa ba ya shiga. Sai ya koya mini danna rikodar. Ni firamare na gama aka yi mini aure, ban san kan aikinsa ba, amma na iya zama da tsohuwa. Yakan tsaya a zaure da mai gida, ni in shiga da rikoda a cikin mayafi, in taya su sussuka ko ɓarar gyaɗa, in bar ta tana juyawa. In mun dawo gida shi zai zauna ya yi ta maimaita kaset yana rubutu, yana sa wasu 'yan alamomi a kan haruffa.

A Gurbin Bore muka sami wadda ta fi kowa. Ba danginmu ba ce, amma Kaka nake ce mata. Ita kuma tana kirana mai gwangwanin gulma, saboda rikodar. Ranar zuwanmu na ƙarshe ta ɗauko labarin mahaifiyarta: yadda suka baro arewa a ƙafa wata shekara ta yunwa, mahaifiyar tana yarinya, tana goye da ƙanwarta, har suka iso wata rijiya kusa da Jangeru inda Fulani suke shayar da shanu. Tana kaiwa nan kaset ya ƙare, ba ni da wani. Hadari kuma ya haɗu, Malam yana aikowa a ce in fito. Ta ce ba komai, in tafi, ranar da na kawo mata littafin ta taɓa da hannunta za ta ƙarasa mini, don tana son a sa labarin nan a takarda. Na ce in Allah ya yarda ni da kaina zan kawo.

Da aka shigo da kwalin, na roƙi Inna ta yi wa Yaya magana, wato wan mijina, a ba ni guda ɗaya in aika Gurbin Bore. Ya tsaya daga bakin zaure, ni ina bayan labule.

"Kayan marayu na," in ji shi. "Ko allura ba ta hita gidan ga sai an raba."

Ba mugun mutum ba ne. Mai motocin ɗaukar hatsi ne, shi ya riƙe mu tun ranar rasuwar. Sai dai shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a, kowane wa'azi a kan cin dukiyar maraya yake, kuma shi mutum ne mai tsoron abin da za a tambaye shi gobe. Na ce a ba ta aro. Ya ce aro a hannun tsohuwar ƙauye kyauta ce. Ya kuma ce ko an aika, wa zai karanta mata? Rabon kuwa sai an kawo amfanin gona gida, a yi shi gaba ɗaya. Ya ƙara wa kwalin igiya, ya ɗora shi a kan kwaba a ɗakina.

Haka muka zauna, ni ba na fita, littafin ba ya fita.

Ban san zaman gida yana da wuya ba sai a watannin nan. Zan fara wanki in bar shi a kwatarniya, in shiga ɗaki in tsaya, in fito in share inda na riga na share. Gefen kwalin ya ɗan yage a mota, ana hango bayan littattafan, kore. Nakan sa yatsa in taɓa, in janye. Inna ta ce in buɗe mana, ai kallo ba ci ba ne. Na ƙi, don na san in na riƙe ɗaya ba zan mayar ba.

Akwai wata mai daddawa da take zuwa daga wajen Zurmi ranar kasuwa, takan biyo ta gidanmu ta sha ruwa. Ita ce take kawo mini labarin Kaka. Da farko ta ce tsohuwar ta ji rasuwar, tana yi mini ta'aziyya. Wani zuwan ta ce ƙafafunta sun kumbura, ta daina fitowa tsakar gida. Wani zuwan kuma ta ce kunu kaɗai take sha, amma bakin yana nan, ta ce a tambayi mai gwangwani ko takardar tata a jaki aka ɗauko ta daga Makka. Na yi dariya, bayan ta tafi na kasa cin abinci. Duk ranar kasuwa tun safe nake sauraren sallamarta, ina so ta zo, ina tsoron abin da za ta ce. Makon da ba ta zo ba na leƙa zaure har Inna ta yi mini magana.

Aka yanke gero, na fita takaba, aka sa ranar rabo. Malamin da ya zo rabon ya gama da gona da tumaki da babur, aka zo kan kwalin. Aka yanke igiyar. Nan na fara ganin sunan Malam a bango, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba. Maza suka yi ta juya littattafan, an rasa yadda za a kimanta su, wani ya ce wa zai sayi littafi iri ɗaya har cikin kwali a Kaura. Na aika daga ciki na ce a sa su duka a tumunina, a bar wa yara tunkiyar da za ta faɗo mini. Wata gwaggon Malam ta ce takarda dai ba ta haihuwa. Malamin ya ce in na yarda ya halatta, na ce na yarda.

Washegari Yaya ya kai ni tasha da kansa, Inna ta rako ni. Da zan shiga mota ya miƙo wa Inna leda ta ba ni. Rikodar ce, wadda ta faɗo a rabon ɗana, da sababbin batura da kaset. Ya ce amana ce, in dawo da ita.

A da kan babur ɗin Malam muke zuwa. Yanzu an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, sai na zauna a tashar Zurmi ina jiran akori-kurar masu hatsi ta cika. A zaman nan na buɗe littafin. Turanci ne daga farko har ƙarshe. Hausar tana tsakani, layi ɗaya ɗaya, kowanne da lamba a gefensa da Turanci a ƙarƙashinsa. Na yi ta bin su da yatsa har na fara gane muryoyi. Ga na Kaka nan da yawa, amma a warwatse, wannan a nan, wancan can gaba.

Na same ta a kwance a kan tabarma, ta rame har na ɗan tsaya a bakin ƙofa. Ta ji muryata ta ce a tayar da ita. Ta yi wa Malam addu'a mai tsawo, ta ce mai babur ya riga ta, ba haka suka yi da shi ba. Sannan ta miƙo hannu. Ta shafa bangon, ta shinshina, ta tambaya ko akwai sunan Allah a ciki, don ta san inda za a ajiye shi. Na ce akwai. Ta ce to in karanta mata nata.

Na karanta layin da ta ce hatsi ya ƙare a rumbu. Na juya shafuka na karanta wanda ta ce sun kwana a gindin aduwa. Na sake juyawa. Tana saurare, idonta a rufe.

"Ɗiyata, wanga ai kalan hatsi na," ta ce. "Ina damen? Ina rijiyar?"

Na ce ba su shiga ba, shi yadda ake faɗin magana yake bi, ba labarin ba. Ta yi 'yar dariya, ta ce maza ke nan, a ba su tuwo su tsaya auna malmala. Ta ce in fito da gwangwanin.

Ta ƙarasa a hankali, tana hutawa. A rijiyar nan iyayen suka bar ƙaramar a hannun wata Bafulatana mai nono, da alkawarin za su dawo in ruwa ya sauka. Da suka dawo rugar ta tashi. Yarinyar tana da tabon ƙuna a bayan kunnen hagu. Har mahaifiyar Kaka ta rasu, duk Bafulatanar da ta shigo tallar nono sai ta zagaya bayanta ta dubi kunnenta. Kaka ta ce ita ma ta gaji abin, ko da ta san wadda ake nema ta daɗe a ƙasa. Abin da take so a rubuta ke nan, da sunan rijiyar, ko wani daga cikin jikokin yarinyar da ya yi boko zai gani ya san yana da dangi a Gurbin Bore. Na ce za a rubuta.

Ta rasu kafin wata damina, littafin yana rataye a cikin jaka a bangon ɗakinta. Sauran na raba wa ɗaliban Malam da suka zo gaisuwa, na bar wa kowane yaro ɗaya. Na yi wa biyu daga cikinsu maganar kaset ɗin, suka ce aiki ne mai kyau, za su dawo.

Ni ban iya alamomin da Malam yake sa wa haruffa ba. Na fara rubutawa yadda nake ji, da irin rubutuna, ina tsayar da kaset ina mayarwa kamar yadda na ga yana yi. Na kai inda suka iso rijiyar. Ban rubuta sauran ba tukuna.