Ba a Riga Baba Lawan Fita

Duk wanda ya san Istifanus a Doka ya san ba ya zama a kujera sai ya jijjiga ta ya ji ƙwarinta. Asalinsa Zonkwa, amma a Unguwar Sarki ya tashi, kuma tun yana ƙarami shi ke korar yaran layi daga bakin rijiya. A coci ma kusa da ƙofa yake zama. Matarsa Mercy takan ce ranar aurensu sai da ya gama duba wayar janareto sannan ya dubi amarya.

Da wani kamfanin katifa ya ɗauke shi aikin kula da lafiyar ma'aikata, muka ce to, jaraba ta sami ofis. Sai dai ɗaukar ta gwaji ce. Manajan, Alhaji Abdulmalik, ya gaya masa ƙarara cewa jami'an kashe gobara za su zo su ga yadda ma'aikata ke ficewa in wuta ta tashi. Idan aka ji kunya, to ya ajiye hular kwanonsa ya kama gabansa.

Istifanus ya sayo usur, ya shafa wa ƙofa koren fenti, ya tara ma'aikata ya yi musu bayanin yadda soso ke cin wuta. Kowa ya ce ya gane. Ya busa usur don gwaji, aka taso a guje kamar gaske, sai a bakin ƙofa gudu ya ƙare. Baba Lawan ne ya taso, tsohon telan da ya koya wa rabin kamfanin ɗinkin rigar katifa, mai ciwon gwiwa, mai tafiya kamar yana rakiyar baƙo. Babu wanda zai riga shi fita. Aka dare gefe biyu, wasu har da rusunawa, shi kuma yana tambayar kowa ya iyali. Zakari, da ke auren 'yar Baban, komawa ya yi bayan tulin soso ya laɓe, wai ba zai yi gudu a gaban surukinsa ba.

Istifanus ya yi faɗa, ya yi lallashi. Ya ce wuta ba ta san babba ba. Harira mai liƙa tambari ta ce ita wutar ai ba ta da tarbiyya, su kuwa suna da ita. Ya roƙi Baban ya ƙara sauri, Baba ya ce shi rabonsa da gudu tun ana sayen katifar rimi.

Mercy ce ta ga mijinta ya kasa cin tuwo, ta tambaye shi ko a kamfanin akwai wanda ke tsallake maganar tsohon. Ya ce babu, ko manaja. Ta ce to me yake jira?

Washegari Istifanus ya durƙusa gaban keken ɗinkin Baba, ya miƙa masa usur da rigarsa ta aiki mai ƙyalli.

"Baba, in wuta ta tashi, wa ya isa ya kore su in ba kai ba?"

Baba ya jujjuya usur ɗin. "Har Alhaji?"

"Har shi, Baba."

Ranar da jami'an suka zo, usur ya tashi, Baba ya dogara sandarsa a gefen ƙofa yana kiran mutane da sunan da iyayensu ke kiransu. Zakari ya wuce surukinsa kamar an jefo shi. Alhaji ya tsaya neman makullin mota, Baba ya ce, "Audu, fita ka ba ni wuri." Audu ya fita. Istifanus ya so ya tsaya ya leƙa ko an bar wani a ciki, kamar yadda aikinsa ya ce, Baba ya damƙi kwalarsa ya turo shi waje a gaban baƙi, hula na gangarawa.

Babban jami'in ya ce bai taɓa ganin inda ake bin doka haka ba, har wanda ya kafa ta ba a ƙyale ba. A ranar aka tabbatar wa Istifanus da aikinsa. Yana nan har yau, ya ƙara ƙiba, yana yawo tsakanin injina yana ƙwace ashana a aljihun mutane, in ka gaishe shi sai ya fara duban takalminka kafin ya amsa.