Ɗan Gashuwa a Taron Masana Teku

Sallar asuba kawai muka idar muka kama hanya, ni da abokiyar aikina 'yar Bayelsa, muka biya ta ofis karɓar takardar izinin tafiya wadda sai a jiyan aka sa mata hannu. Daga Abuja muka sauka Addis Ababa, muka sake jirgi, muka yi ta zama har ƙafafuna suka kumbura kafin mu isa birnin Guangzhou na ƙasar China.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, shekara shida ke nan ina wani sashe na ma'aikatarmu da ke rubuta wa manya shawara kan sauyin yanayi. Masana su yi bincike, mu karanta, mu mayar da shi maganar da minista zai fahimta kafin ya shiga taro. An turo mu horon mako biyu ne kan teku da ƙanƙarar ƙuryoyin duniya. Ni ɗan Gashuwa ne, babban ruwan da na sani shi ne kogin Yobe, don haka tun a jirgi abokiyar tafiyata take tsokanata, wai an aiki raƙumi taron kifaye.

Akwai kuma abin da na taho da shi a zuciya. Ƙanin mahaifiyata ya haura shekara goma sha biyar yana kasuwanci a Guangzhou, kuma ya daɗe yana cewa in bar aikin gwamnati in riƙe masa shagonsa na Kano. Albashin ba ya kai wata, ni ma na fara gajiya da rubuta abin da ban san ko ana karantawa ba. Na yi masa alkawarin ba shi amsa idan na zo.

Zafin garin mai ɗanshi ne, minti biyar a waje riga ta manne da baya. Titunan sumul, babura masu lantarki suna wuce ka ba ƙara, sai ka ji iska a gwiwar hannu. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi kuɗin Keke daga gidana zuwa bakin titi araha. Abinci kuwa, wani shagon Musulmin ƙasar ne ya cece ni, inda ake ja taliya da hannu a gabanka a zuba romon naman sa. Kwana uku ina kokawa da tsinkayen cin abinci kafin mai shagon ta tausaya mini ta kawo cokali mai yatsu. Kalmar da na fara koya ita ce “meyo”, wato babu, don ita aka ba ni da na tambayi yaji.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha. Kwantena ce jere iya ganinka, kamar an gina gari da akwatuna. Bayan nan aka kai mu wani ɗakin bincike mai sanyi, aka ba mu riguna masu kauri, aka nuna mana sandar ƙanƙara da aka haƙo daga ƙuryar kudancin duniya. A cikinta akwai 'yan ƙananan kumfa, iskar da ta maƙale tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Na tsaya ina ta tasbihi, har na manta haƙorana na kaɗawa.

Wadda ta zagaya da mu wata dattijuwa ce da ta yi shekaru tana zuwa can a jirgin ruwa, daga baya ta koma ba hukumomi shawara. Ta bakin tafinta na tambaye ta ko ba ta kewar binciken. Ta ce tana yi, amma ta lura masu yanke hukunci ba sa karanta littafi, shafi biyu suke karantawa, kuma dole wani ya rubuta shafi biyun da gaskiya. Ta nuna mana wata katangar tare ruwa, ta ce ta yi shekaru tana maimaita magana ɗaya kafin a ƙara mata tsayi. Da ta faɗa sai ta yi dariya kamar mai ba da labarin aurar da 'ya.

Ranar Juma'a Kawu ya ɗauke ni zuwa Masallacin Huaisheng, daga nan muka wuce ofishinsa a dogon benen 'yan kasuwa na Tianxiu. Hawa bayan hawa Hausa ce ke tashi, ta Kano, ta Maraɗi, ta Kumasi, 'yan China na kiran Kawu “lawban”, wato maigida. An kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, muka zauna mu takwas. Kawu ya gabatar da ni a matsayin ɗansa mai aikin duban gajimare, aka yi dariya.

Sai wani Alhaji ɗan Maraɗi, wanda guguwa ta tsayar da kayansa a tashar jiragen ruwa, ya tambaye ni da gaske me ya haɗa mu da teku, mu mutanen tudu. Na ce masa ruwan da ke sauka a gonarsa ta gero daga teku iska ke ɗauko shi, idan tekun ya yi ɗumi ko ya huce, damina ma sai ta canja hali. Ya ajiye cokali. Ya ce shekara uku ke nan ruwa na cin gidan mahaifinsa, ba wanda ya taɓa yi masa bayani. Nan tambayoyi suka ɓarke, wannan na Haɗeja, wancan na Jibiya, har la'asar ta same mu tuwo ya huce.

Da muka rage mu biyu na ce, “Kawu, ku yi haƙuri, ina ganin zan zauna a aikina.”

Ya ce, “Ai na gani. Shago ko wa na ba zai iya. Amma ka riƙa yi wa manyan naku magana yadda ka yi mana yau, ba da Turancin nan naku ba.”

Ya raka ni har bakin jirgin ƙasa da jaka cike da tsarabar da ban roƙa ba.

Mun sauka Abuja ana yayyafi. Abin da na koyo shi ne wannan aiki na mai haƙuri ne, kuma ba sai an haife ka a bakin ruwa ba: ka iya karatun kimiyya, ka iya gajarta magana, ka iya faɗa wa babba abin da ba ya son ji cikin ladabi. Ranar Litinin na je na sa sunana a ayarin da zai duba zaizayar gaɓar teku a ƙauyen su abokiyar aikina. Ta ce mahaifiyarta za ta dafa mini kifi, ƙannenta kuma sun ɗauki nauyin koya mini iyo.