Harsashin Kawu Sale

Makka zuwa Madina

Muna idar da sallar asuba muka shiga bas. A shingen hanya ɗan sanda ya duba fasfo ya ɗaga mana hannu. Direban, wani Bahaushen Sudan, ya tambaye ni wa zan gani. Na ce Kawu Sale, yayan Innata, maharbin garinmu da ya zo Hajji ya zauna. Saƙo biyu na ɗauko: Inna na so ya dawo gida, ni kuma bindigar da ya bar min ajiya ta kusa karya min kafaɗa.

Uhudu

Da la'asar na same shi a rumfarsa ta dabino. Ya tsufa, amma idon nan na maharbi yana nan. Na fashe da kuka ba kunya. A ɗakinsa na sauka, muka ci shinkafa da naman raƙumi.

Na kawo maganar Inna, ya ce, "Ci abinci, ya waladi." Na kawo ta bindiga, sai ya ture faranti.

Na ce, "Kawu, gadu ya cinye mana masara. Babban harsashinka kuwa, in na harba sai na yi mako ban ɗaga hannu ba."

"Shi ya sa kake kuskure! Mai tsoron dukan bindiga tun kafin ya ja kunama ya runtse ido. Ƙaramin harsashi zai kayar da barewa, amma gadu zai tafi da shi a jiki."

Tattabaru suka sauka har bakin ƙofa. Ya bi su da kallo. "Nan harami ne, farauta mamnu', an hana. Ko tsuntsu ba a razanawa. Wallahi ina kewar ƙamshin albarushi."

Na ce, "To mu tafi mana, ka harba da kanka."

Ya kama kafaɗata ya mammatsa kamar mai sayen rago. "Matsakaici za ka nema, mai sauƙin duka. Ka sa a rage ƙotar bindigar, hannunka bai kai nawa tsawo ba. Khalas."

Gida

Jirgi ya sauke mu Kano lafiya, godiya ta tabbata ga Allah. Ko takalmi ban cire ba Inna ta ce, "Yaushe zai zo?"

Na ce, "Ya ce a yanke ƙotar daidai hannuna."

Ta daɗe tana kallon bindigar a jikin bango, sannan ta ce, "Allah ya haɗa mu a can."