Daren Jigwada da Shunin Inna

Keffi

Ƙarfe biyar na asuba na bar Tudun Ƙofa da zanena naɗe cikin tabarma. Jos na nufa. Wata kwalejin malamai za ta ɗauki masu koyon zane, amma sai kowa ya kai aikin hannunsa. In ba a ɗauke ni ba, Baba ya riga ya yi mini wuri a shagon ɗinkinsa, ni kuwa ko zare ban iya zurawa ba.

Daren ƙauyen Jigwada na zana: farin wata, rugage, wutar makiyaya ja a gindin dutse. Baƙin fentina ya ƙare, sai na saci shunin kitson Inna na yi sararin sama da shi.

Akwanga

Lorin doya na hau, sule huɗu. Mil arba'in ko kusa, muka iso ƙarfe tara. A shinge ɗan doka ya sa na warware tabarma.

"Wannan fa?"

"Dare ne, ranka ya daɗe."

"Dare shuɗi? A garinku rina shi ake yi?"

Duk motar ta kwashe da dariya, har direba. Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni. A tasha na sayi kwalbar baƙar tawada, na zauna gindin mangwaro zan shafe saman.

Wata dattijuwar Bafulatana mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta ta leƙa.

"Ɗana, me zai sa ka ɓata shi?"

"Goggo, an ce dare baƙi ne."

"Masu kwana a ɗaki suka gaya maka. Wannan daren bayan ruwan fari ne, shanu sun ƙoshi, ba mai tari a garke. Kallonsa ma sai na ji sanyi a raina."

Na rufe kwalbar, na sha fura ta kwabo uku, muka kama hanya ƙarfe sha ɗaya.

Jos

Lorin ya hau dutse yana nishi, sau biyu muna sauka mu tura. Mun shiga bayan la'asar. Na sauka gidan Kawuna, sanyi ya sa na ci tuwo da bargo a kafaɗa.

Washegari malamin zane ya daɗe yana kallo, ya ce ya ga zanen dare goma sha biyu a ranar, duk baƙi kamar gindin tukunya.

"Naka ne kaɗai mutum zai so ya zauna ciki. Wane irin fenti ne wannan?"

Na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya, ya rubuta sunana.

Gida

Ran Alhamis da azahar na dawo, ina gode wa Allah da wannan baiwar Allah mai nono da ban ko tambayi sunanta ba. Baba ya ce shago ya huta. Inna kuwa ta tare ni a ƙofa da kai a tsefe.

"Madalla. To, malam mai zane, ina shunina?"